Abin da Baba Yake Kallo a Tankin Kifi

Da Yaya ta ce za ta sa wa Baba tankin kifi a falonta, ni na fi kowa goyon baya. Shekara guda ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, wuni yake a kujera yana kallon bango. Wurin da ya dace da tankin shi ne kan dogon kabad ɗin da ke manne da bangon falon. Ni kuwa kafinta ne ɗan kafinta, don haka aka ce in zo in ƙarfafa shi.

Na san aikin sarai. Tankin lita ɗari da hamsin yake ci, ga yashi da duwatsu, ga gilashin kansa. Nauyin ƙarti uku ke nan da za su zauna ba tashi. Kamata ya yi in kwashe kwanukan da ke ciki, in kafa ginshiƙi biyu a tsakiya daga ƙasa har sama, in ɗaure bayan da bango. Har katakon na yanko na zo da shi. Amma ranar wani aiki yana jirana, kuma kwanukan Yaya sun isa a buɗe shago da su. Sai na ƙara falanki ɗaya a sama, na buga ƙusoshi, na ɗare na zauna, na yi 'yar sukuwa. Ko ƙara bai yi ba. Na ce wa Yaya ko giwa aka ɗora zai ɗauka, na mayar da ginshiƙaina shago.

Baba yana kujerarsa yana kallona. Shi ya koya mini riƙon zarto, kuma da bakinsa na nan, da ban sauko daga kan kabad ɗin da kunnuwana biyu ba.

Kifaye suka zo, gida ya ɗauki murna. Wadda ta fi kowa ita ce autar Yaya, 'yar shekara huɗu, wadda Baba yake tsokana da Amarya tun tana zanin goyo. A cikin 'yan kalmomin da ciwo ya bar masa, wannan ce take fita tas. Yarinyar ta mayar da gindin kabad ɗin ɗakinta. Nan take baje 'yan tsanarta, ta jingina da murfi, tana ba angon nata labarin wane kifi ne ya ci abincin wane.

Bayan sati shida Yaya ta kira ni a waya, wai murfin kabad na tsakiya yana cijewa. Kafin ta rufe baki na san abin da ke faruwa: saman ya fara lotsawa yana danne murfin. Na je, na ce mata danshi ne ya kumbura katako. Na cire murfin, na ɗan rage bakinsa na sama, na mayar, ya rufu lafiya lau, har ta sa mini albarka. Bayan wata guda na sake yin haka. Kullum sai in ce wa kaina ranar Asabar zan zo in yi aikin gaskiya. Amma aikin gaskiya sai an kwashe ruwa, kuma sai na tsaya gaban Yaya na ce giwar nan ƙarya ce. Kunya ta hana ni, ba wani abu ba.

A tsakanin nan ne Baba ya canja. Da zarar yarinyar ta zauna a gindin kabad sai ya hau buga sanda a ƙasa, yana gurnani, har sai ta tashi. Yaya ta ce rikicin tsufa ne, mijinta ya ce ciwon ne ya fara taɓa kai. Ran nan yarinyar ta ƙi tashi, Baba ya miƙa sanda ya kai mata duka a hannu, wurin ya kumbura. Yaya ta kira ni tana kuka. Ta ce za ta mayar da shi ɗakin baya, kuma za ta roƙi likita ya rubuta masa maganin da zai riƙa kwantar da shi.

Na zo da niyyar lallashinsa, ni mai hankalin gida. Na durƙusa kusa da kujerarsa, kaina ya zo daidai da nasa, na bi inda idonsa yake. Ba kifi yake kallo ba. A gefen hagu ruwan ya kusa taɓa bakin tankin, a dama kuwa saura yatsa biyu. Wanda ke tsaye ba zai lura ba. Shi da ke zaune daga safe zuwa yamma, wata uku ya yi yana kallon ruwan nan yana karkata a kan jikarsa.

Ya damƙi wuyan hannuna da hannun hagu. Ya nuna tankin da haɓa, ya nuna murfin da na rage sau biyu, sannan ya tsare ni da ido. Na ji na tsani kaina.

"Yaya," na ce, "kan Baba ƙalau yake. Kabad ɗin ne zai karye. Ban sa ginshiƙan ba, kuma na sani tun ranar da kika fara kirana."

Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Jiya har tsawa na yi masa, a gaban yara."

A ranar na ɗauko tiyo da bokitai, muka juye kifayen a baho, muka sauke tankin. Da na ɗaga falankin, katakon da ke ƙarƙashinsa ya lanƙwashe, tsaga ta ci fiye da rabinsa. Na kawo ginshiƙan nan da suka yi wata uku suna shan ƙura a shago, na kafa, na canja saman, na ɗaure baya da ƙarfe. Duk ƙusar da zan buga sai na waiwayi Baba. Da aka mayar da ruwa ya daɗe yana dubawa, hagu da dama, sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya. Aikin duka bai kai awa huɗu ba.

Yaya ta riƙo hannun yarinyar ta kawo ta gabansa, tana yi mata bayanin cewa Kaka tsare ta yake yi. Baba ya ajiye sandar a ƙasa, ya tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa, ya miƙa hannun da ke motsi.

"Amarya," ya ce.

Ta maƙale a bayan uwarta. Na tsuguna na ce mata laifina ne, ni ya kamata ta yi fushi da shi, ba Kaka ba. Ta leƙo, tana riƙe da inda sandar ta same ta.

"Ai kai ba ka dake ni ba, Kawu," ta ce.

Sati uku ke nan. Kabad ɗin yanzu ko giwar gaske aka ɗora zai ɗauka. Yarinyar kuwa daga bakin ƙofa take kallon kifayen, Baba yana kallonta.