Jak ɗin Yaya

Ni matsoraciya ce, duk gidanmu an sani. Da zan sayi motar lantarki, dillalin ya nuna min guda biyu masu jiki iri ɗaya, batir ne kawai ya bambanta su. Mai ƙaramin batir ta fi araha, amma ba ta nisa sai ta nemi caji. Ina tuna mota na iya mace min a tsakiyar hanya, na rufe ido na ɗauki mai babban. Ya ce ta fi nauyi sosai, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Da ta fara wani ƙara ta ƙasa, na kai wa yayana bakanike a garejinsa.

"Ai irin ta maƙwabciyarki ce," ya ce. "Kwanan nan na ɗaga tata da jak ɗin nan."

"Yaya, tawa batirinta babba ne fa."

"Ke dai da tsoro, Auta! Matsa min."

Ya ɗaga ta, ya cire tayar gaba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ƙafafunsa kawai nake gani, yana ta tsokanata wai na sayi gida mai taya.

Ni na fara ganin man. Baƙi, yana tsiyaya a gindin jak ɗin. Sai na ji ƙarfen yana kuka a hankali, motar kuma tana sauka kamar wadda ta gaji da tsayuwa.

"Yaya, fito! Tana saukowa!"

Ya yunƙura, rigarsa ta maƙale. Na kurma ihu. Mai walda da mai faci na kusa da garejin suka rugo, suka kama gefen motar suna salati, jijiyoyin wuyansu kamar za su tsinke. Ko gezau ba ta yi ba.

"Wace irin mota ce wannan?" in ji mai walda.

Ban san lokacin da na gangaro da tayar da ya cire na cusa ta ƙarƙashi ba. Jak ɗin ya kwanta. Motar ta faɗo kan tayar da wani irin ƙara. Na durƙusa ina kiransa, ina tsoron leƙawa.

"Ina nan," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Hannuna ne."

Sai da aka aro babban jak aka zaro Yaya. A tasi ya naɗe hannun daman da rigarsa, ya hana ni gani.

"Kar ki gaya wa Mama tukuna."

A asibiti likita ta daɗe tana duba hoton ƙashin. Yaya ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Likita, zai dai riƙe sifana, ko?"

Ni ta juyo ta kalla, ta ce in zo waje mu yi magana.