Sirinji Biyu a Tire Ɗaya

Rana ta take, ɗakin maza ya cika har an jera gadaje a baranda, kuma nas ɗaya ce a bakin aiki. Abokiyar aikinta ta raka wani ɗakin tiyata, shiru ba ta dawo ba.

A ɗan ɗakin haɗa magani ta zuƙi allura biyu, kowacce a sirinjinta. Ta farko ta direban da ke gadon bakin taga ce, wanda rauni ya ruɓe masa a ƙafa bayan haɗarin mota. Kai tsaye ake tura ta a jijiya. Ta biyu fotasiyam ce, ta wani tsoho da gudawa ta tsotse. Ita wannan sai an zuba ta a ledar ƙarin ruwa ta riƙa shiga da kaɗan-kaɗan, don idan ta shiga jijiya tsurarta tana iya tsayar da zuciya. Ta ajiye ta direba a dama, ta tsoho a hagu. Ta ɗauki biro ke nan za ta rubuta a jikinsu, ihu ya tashi a baranda.

Wani majinyaci ne ya zame a ƙofar banɗaki, goshinsa ya fashe. Sai da ta tsayar da jinin, ta naɗe masa, sannan ta koma.

Tiren ba ya inda ta bar shi. Mai shara ta goge teburin, ta ɗora shi a kan firji. Sirinjin sun gangaro gefe guda, girmansu ɗaya, ruwan cikinsu garau. Ta san abin da ake yi: a zubar, a sake haɗawa. Amma babu sauran maganin a kabad, sai an bi layi a wurin karɓar magani can ƙasa, ga shi lokacin allurar direba ya riga ya wuce. Ta ɗaga su saitin haske. Ɗaya kamar ya ɗan fi cika.

"Wannan ne na direba," ta ce a ranta.

Direba na ganinta ya washe baki. "Sista, yau kin makara lodi. Da a tasha ne da tuni an ba wata motar layinki."

"Kai dai ciwon nan bai taɓa bakinka ba," in ji matarsa, tana yi masa fifita da kwali.

Nas ta yi yaƙe. Ta haɗa sirinjin da allurar da ke bayan hannunsa, ta fara turawa a hankali.

"Sista, da zafi fa."

"Yi haƙuri, haka take yi."

Ta ƙara turawa kaɗan. Ya fizge hannun.

"A'a, wannan wuta ce! Ta jiya ba haka take ba."

Ta daina turawa. Direba ya yi shiru, irin shirun da ba a san shi da shi ba. Gumi ya keto masa. Ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa taya. Ta cire sirinjin, ta kama wuyan hannunsa: bugun jijiyar yana zuwa, yana ɓacewa, yana dawowa.

"A kira likita!" Ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Likita ya shigo da gudu. "Me kika ba shi?"

Matar na tsaye a bayansu. Nas ta rage murya. "Ina jin fotasiyam ne."

Bai sake kallonta ba. Ya kira sunan maganin da yake so, ta kawo, ya karɓa ya karanta jikin kwalbar da kansa kafin ya zuƙa. Aka tura gadon waje da gudu, matar na biye, takalminta ɗaya a ƙafa.

Direba bai mutu ba, amma ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman. Ita kuwa aka hana ta taɓa allura har sai kwamiti ya zauna.

Wata safiya matar direban ta tare ta a bakin ƙofar asibiti, ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Sista, Allah ya saka da alheri. Ba don kin yi saurin kiran likita ba, da yanzu ina takaba."



"Sai dai ƙanensa ya ƙi kwantar da hankali," matar ta ci gaba. "Wai shi sai an gaya masa abin da ke cikin allurar nan. Gobe zai zo ya ga manyanku. Na ce masa ya fara nemanki, ke ce kika san komai."