Rigar Alhaji Barau a Fasta

Saura kaɗan Nata'ala ya makance a kan rigar nan. Tun kaka yake duƙe a zaurensa na Jahun yana yi mata aikin hannu, farin zare a kan farar shadda, domin Alhaji Barau mai neman kansila ya ce da ita zai fito a fastar kamfe. Burin Nata'ala bai wuce a ga aikinsa a kowane bango ba, ko masu kuɗin garin sa daina kai ɗinki Kano.

Ranar ɗaukar hoto ya bi ayari zuwa Dutse, wajen Sagiru mai hoto a Limawa, wanda ya sayo kyamara mara fim yana riƙonta kamar jaririya.

"Ranka ya daɗe, ajiyar hoton iri biyu ce," in ji Sagiru. "Akwai ɗanye, yana riƙe haske da duhu duka, amma nauyi gare shi, kaɗan katin kyamarar zai ɗauka. Akwai matsattse, shi sai kun gaji, sai dai abin da ya zubar ya zubu."

Alhaji ya waiwayi magoya bayansa, kowa na jiran hoto da shi.

"Matsa mana!"

Ya kuma ƙi inuwa, wai ɗan siyasa ba ya ɓuya. Ya tsaya cikin rana tsaka, riga na ɗaukar ido, shi kuwa baƙi ne wuluk, masha Allah.

"Alhaji," in ji Sagiru, "a cikin ranar nan matsattse ba zai riƙe biyu ba. Ko fuska, ko riga."

"Rigar ce ke takara?"

Nata'ala ya so ya sa baki, amma wa zai saurari maɗinki?

Fasta ta fito. Fuska tangaran, ido a runtse saboda rana. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa fari fat, ko silin zare babu. Nata'ala ya koma Limawa yana magiya. Sagiru ya rage haske a kwamfuta, farin ya zama toka-toka, ba komai a ƙarƙashinsa. Nata'ala ya yi ƙwalla a motar komawa.

Ranar kasuwar Jahun mutane suka riƙa tsayawa gaban fastar suna salati, wasu har suka wuce gidan Alhaji ta'aziyya. Da la'asar wani dattijo ya yi sallama a zauren Nata'ala.

"Malam, an ce kai ka ɗinka wa marigayi likkafani. Wallahi ya yi kyau, ba tarkace. Ka tanadar mini irinsa."