Inuwar Zare a Rawayya

Sau biyu Bashiru magini yana rushe bangon gabas na masallacin unguwarsu a Rawayya, kuma duka biyun da hannunsa.

Na farko ya ɗora shi ne yadda mahaifinsa ya koya masa, ya dubi tsohon masallacin kasuwa ya ja igiya. Gini ya kai ƙugu sai ga Jibo, direban da ke jigilar Gusau zuwa Tsafe. Duk abin da aka ce kyauta ne a intanet sai Jibo ya sauke shi a wayarsa, har da wata manhaja mai kukan tsuntsayen Turai. Ya ɗora wayar a kan bulo, kibiyar manhajar alƙibla ta juya.

"Bashiru, wagga alƙibla taka Tsafe ta nufa, ba Makka ba."

Aka yi dariya, aka rushe. Na biyu da wayar Jibo aka auna. Wani baƙo daga Gusau ya zo da tasa wayar, ita kuma ta nuna wani wajen daban. Aka sake rushewa. A na uku Bashiru ya raba tsakani, ya ɗora.

Alhaji Buba, shugaban kwamitin ginin, ya kira shi a gaban sauran 'yan kwamiti.

"Malam Bashiru, na gaji da ganin ɓaraguzai. In wanga ya faɗi, magini zan ɗauko daga Damba. Ka ji na faɗa maka da rana tsaka."

Bashiru ya ji. Shekara ashirin yana gini a garin, in aka karɓe masallaci daga hannunsa, ko ɗakin awaki ba mai sake kiransa ya ɗora. Ga shi Jibo ya sauke sabuwar manhaja, ya fara zagaya bangon yana girgiza kai.

Ran nan da la'asar ya koma gida ya zube a tabarma, ko takalmi bai cire ba. Matarsa Hafsatu, malamar firamare, tana tsince shinkafa, waya na gefenta tana karanto mata darasin lissafi.

"Kashe abin nan don Allah," in ji shi. "Ni yanzu ko ƙarar waya na ji sai gabana ya faɗi."

"To Baban Asiya, wayar ce kuma za ta fitar da kai. Kwana uku ina bincike. Kibiyar nan tasu ƙarfe ke ruɗa ta, ku kuwa a kan tarin rodi kuke aunawa."

Ya ɗago kai.

"Akwai shafin masu ilimin taurari, kyauta ne. Sun ce sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba. A lokacin, duk abin da ke tsaye inuwarsa za ta miƙe ta ba alƙibla baya. Na gaba sha biyar ga Yuli ne, ƙarfe goma da minti ashirin da bakwai na safe a agogonmu. Na duba wurare uku, har da bayanin wani malami, duk bakinsu ɗaya."

"Jibi ke nan."

"Jibi."

"Cikin damina, Malama? Wa ya ce za mu ga rana?"

"Wannan kuma ba ya cikin shafin," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Zai iya yin shiru, amma ya gaji da zagayen Jibo. Washegari ya sanar da kwamiti. Alhaji Buba ya ce ya yarda, rana dai ba a sauke ta a waya.

Ranar ta zo da hadari. Tun tara Bashiru ya ja layi da alli a daɓen masallacin da ba a rufa ba tukuna, daga tsakiyar bangon gabas zuwa ƙofa. Ya kafa katako, ya rataya zare da ɗan dutse a ƙarshensa, daidai kan layin. In inuwar zaren ta kwanta a kan alli, bango ya tsira.

Mutum kusan talatin suka taru. Goma da kwata sama ta yi baƙi ƙirin.

"Manhajata ta ce ba ruwa yau," in ji Jibo.

Bai rufe baki ba aka tsuge da ruwa. Jama'a suka kwasa a guje zuwa rumfar mai shayi a tsallaken hanya, Alhaji na riƙe da hularsa, Jibo ya cusa waya cikin riga. Bashiru kaɗai ya rage. Ba jarumta ba ce, ƙafafunsa ne suka ƙi gudu. Ya tsuguna jikin bango, ruwa na bin wuyansa, yana kallon agogo.

Da ashirin da biyar ruwan ya tsagaita. Da ashirin da bakwai gajimare ya tsage, rana ta faɗo cikin masallacin kamar an buɗe taga.

Ya riƙe dutsen ya daina lilo, ya saki a hankali. Allin ya wanke, amma ana ganin gurbinsa. Inuwar zaren ta fito siririya, ta bar layin, ta yi gefe. Ya aza hannu ya auna a ƙarshenta: faɗin tafin hannu biyu, har da ɗan ƙari. Ya zaro ƙusa daga aljihu ya karce daɓen a kan inuwar. Kafin ya miƙe rana ta koma.

Suka dawo suna tsallake kwatami.

"Ta fito kuwa?" in ji Alhaji Buba. "Mu daga can ba mu ga komai ba sai ɗan haske."

Ba wanda ya lura da karcen. Ƙafar Bashiru na kusa da shi, taku ɗaya zai rufe shi. Wata damar kuma sai baɗi, lokacin an yi rufi, an shafa fenti, an manta. Bashiru ya dubi bangon, bulo ɗari huɗu da ya jera cikin kwana shida, ya ji bayansa na ciwo tun daga wuya.

"Ta fito, Alhaji. Ga inda ta nuna." Ya nuna karcen. "Bangon ya kauce."

Jibo ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Ka tuna abin da na ce maka?"

"Na tuna."

"Magana ce na yi gaban kwamiti, ba ni iya janye ta."

"Ban ce ka janye ba. In na Damba ya zo, a nuna masa layin ga, kada kowa ya matso da waya kusa da shi."

Ya naɗe zarensa ya sa a aljihu. Sannan ya ɗauko babbar guduma, ya ce su ja baya, ya fara daga saman kusurwar arewa, a hankali, don kada bulon ya farfashe.