Jini Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ranar Litinin da hantsi Baban Firiza ya hau bene ya sami Dokta a ofis. Baban Firiza ba ya barin ɗakin gwaji. Shekara ashirin yana gadin firizoji shida cike da jinin mutane, har sunan ya bi shi. Ganinsa a hawa na uku kaɗai ya isa Dokta ya ajiye biro.

"Mai Doka, rufe ƙofa," ya ce.

Haka asibitin koyarwa duka ke kiran Dokta. Shi ba likita ba ne, ko allura bai iya yi ba. Ɗa'ar binciken lafiya yake koyarwa a jami'a, kuma shi ne shugaban kwamitin da sai ya sa hannu kafin a ɗebi jinin kowa da sunan bincike. Likitoci na gaishe shi da fara'a, in ya ba da baya su yi tsaki.

Baban Firiza ya ajiye takarda ɗaya a kan tebur, ya danne ta da yatsa.

"Binciken Farfesa na matan da suka haihu bara. Mata ɗari huɗu. Mun sa jininsu a sabon inji, muna neman wani abu daban. Wannan ta fito da sankarar jini. Sau uku na maimaita."

"Ta yi nisa?"

"A lokacin da aka ɗeba, a'a. Irin mai tafiya a hankali ce, tana iya shekara biyu ko uku mutum na yawo bai sani ba. In an kama ta da wuri akwai ƙwayar magani, ana rayuwa. In ta juya kuwa, sai dai addu'a. Wata goma sha huɗu ke nan jinin yana wurina."

"To a kira ta."

Baban Firiza ya dube shi ta saman tabarau. "A kira wa?"

Dokta ya sake duba takardar. Babu suna. Lamba ɗari biyu da sha bakwai, shekara talatin da ɗaya, haihuwa ta uku. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Shi ya kawo wannan doka. Da ya dawo daga karatu ya tarar ana ajiye sakamakon gwajin mutane a buɗe, masu shara ma suna karantawa, har wani gida ya watse saboda haka. Ya yi shekara biyu yana faɗa kafin a yarda cewa da an gama ɗibar jini, a lalata rajistar da ta haɗa suna da lamba. A gabansa aka zura rajistar wannan binciken cikin injin yanka takarda, ya sa hannu a matsayin shaida. Ya rubuta maƙala a kai, asibitoci uku suka kwaikwaya. Maƙalar ce a saman fayil ɗinsa na zama farfesa, kuma ranar Alhamis zai zauna gaban masu tantancewa.

Amma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Ƙanwarsa Auta ta haihu a asibitin bara. Haihuwa ta uku. Ya tuna ta kira shi tana dariya, ta ce ta ba mutanensa jini, ya kawo tukuici. Ya lissafa shekarunta da yatsu a ƙarƙashin tebur. Talatin da ɗaya.

Ya sauka wurin Farfesa, shugabar binciken. Ta saurare shi tana sa hannu a wasu takardu, ba ta ɗago ba.

"Na ga sakamakon," ta ce. "Abin tausayi ne. Me doka ta ce?"

"Dokar ba ta hango wannan ba."

"Wa ya rubuta ta?"

Ta jawo wata takardar, ta ci gaba.

"Ko a rediyo kake so mu ce mace ɗaya cikin ɗari huɗu tana da sankara, kowa ta zo? Rabinsu ba za su ji ba, rabin da suka ji ba za su sake taka asibitin nan ba. Dokta, ka bari Alhamis ta wuce. Kwamiti ya zauna wata mai zuwa, a rubuta abin da ya dace." Sai a lokacin ta ɗago. "Shekara tara kana jiran kujerar nan. Kada ka yi wasa da ita."

Da la'asar ya tafi gidan Auta. Ya tarar da ita a tsakar gida tana shanya, jaririn da ya fara tafiya yana riƙe da zaninta. Ya tsaya yana kallon wuyanta, da ƙasan idonta, da yadda take ɗaga hannu. Ya ga kamar ta rame. Ko dai da can haka take? Ya kasa tunawa.

"Yaya, lafiya kake kallona kamar za ka saye ni?"

"Kina gajiya?"

"Da 'ya'ya uku? A'a, hutu nake yi, har ya ishe ni."

"Kina zufa in kin kwanta? Kina jin nauyi nan, gefen hagu?"

Ta ajiye bokitin. "Yau kuma likita ka zama? Kai da ka suma ranar da aka yi wa Baba ɗinki?"

"Gobe da safe zan zo in ɗauke ki. Gwaji ne kawai."

"Na me?"

"Ana yi wa iyalan ma'aikata."

Ƙarya ce, kuma ta fito masa sumul. A aji yana da darasi guda na awa biyu a kan ɗibar jinin mutum ba tare da an gaya masa dalili ba. Auta ta daina dariya. Ta ɗauki yaron ta goya shi, ta ɗaure zanin da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Allah ya kai mu," ta ce.

Ranar Talata ya zauna a kan benci a bakin ɗakin gwaji tun ƙarfe tara. Ta cikin bango yana jin gurnanin firizojin, ɗaya ya yi shiru ɗaya ya ɗauka. Ɗalibai biyu suka wuce suka gaishe shi, bai ko lura da su ba. Wajen ƙarfe ɗaya Baban Firiza ya leƙo.

"Jinin ƙanwarka ya fi nawa kyau. Ba ita ba ce."

Dokta ya jingina kai da bango. Ya kira Auta ya ce komai lafiya, ta ce saura tukuici biyu. Ya koma ofis ya buɗe fayil ɗin Alhamis, ya yi aiki awa uku cur ba tare da ya tashi ba. Takardar lamba ɗari biyu da sha bakwai tana cikin aljihun tebur na ƙasa. Bai buɗe shi ba.

Laraba da azahar Sista ta shigo ba ta ƙwanƙwasa ba. Ita ce babbar nas ta ɗakin masu jego, ita ta ɗebi jinin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta girme shi da shekara goma sha biyar, kuma saura wata biyar ta yi ritaya. Ta zauna da nishi, ta ɗora jaka a cinya.

"Benenku nan sai mai sauran gwiwa," ta ce. "Baban Firiza ya gaya min komai. Na ji ka gwada taka ƙanwar."

"Sista..."

"Alhamdu lillahi. Na taya ka murna. Ta mutane fa?"

"Babu hanyar gano ta. Kin san an yanka rajista."

Ta zuge jaka ta fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa shuɗi, gefensa ya yi baƙi don juyawa. Ta ajiye shi a kan fayil ɗin Alhamis.

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa soka wa mace allura ban rubuta sunanta ba. Kwamfutarku tana mutuwa, rajistarku kuna yankawa. Ni littafina yana ƙarƙashin katifa."

Dokta bai taɓa shi ba. Ya ja hannayensa daga kan tebur.

"Kin san me wannan yake nufi? Na sa hannu cewa babu wani kwafi. Mata ɗari huɗu an yi musu alkawari. In na buɗe, dole in kai rahoto yau. Za a dakatar da binciken. Ke za a iya korarki."

"Na sani, ɗana. Tun a kan bene nake lissafi, shi ya sa na daɗe." Ta gyara ɗankwali. "Kai kuma maƙalarka ta ce dokar ta yi aiki babu tangarɗa. Na karanta, ka ba ni kwafi, har ka rubuta min godiya a ciki."

"Gobe ne zaman."

"Shi ma na sani. In ka ce in mayar da shi jaka, zan mayar. Ban zo ba, ba ka gan ni ba. Amma ni kaɗai ba zan kira ta ba. In na kira, tsohuwar nas ce ta saci sunaye, babu likitan da zai karɓe ta a kan maganata. Sai da hannunka."

Fanka na juyawa a sama, tana ɗaga kusurwar bangon littafin tana saki. A waje wani yana tura gadon marasa lafiya, ƙafa ɗaya tana ƙara. Dokta ya tuna cewa ranar Litinin a shirye yake ya fasa ƙofar kowane ofis don ya sami wannan littafin. Yau Laraba, yana neman dalilin jira zuwa Juma'a, kuma dalilan suna zuwa masa a jere, kowanne da lambar sashe.

Ya jawo farar takarda ya rubuta layi huɗu zuwa ga kwamiti da shugaban asibiti. Ya ce an sami kwafin sunaye, ya ce shi ya ba da umarnin a buɗe, ya sa kwanan wata da lokaci. Ya sa hannu, ya miƙa wa sakatariya ta kai nan take. Da ya dawo Sista ta riga ta buɗe shafin, ta rufe sauran layukan da tafin hannu.

Lamba ɗari biyu da sha bakwai. Suna, unguwa, lambar waya. A gefe da jan biro ta rubuta: wayar miji.

"Na tuna su," ta ce a hankali. "Da farko ya hana. Sau biyu ya sa na karanta masa takardar amincewa, ya tsayar da ni a wurin da aka ce za a lalata sunaye. Magatakardan kotu ne. Ya karɓi kwafi ya ninke ya sa a aljihu."

Dokta ya danna lambar. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake. A karo na uku aka ɗauka. Muryar namiji ce, a gajiye, bayansa yaro yana kuka.

Ya yi sallama, ya ce daga asibitin koyarwa ne, game da jinin matarsa da aka ɗeba bara. Ya ce ana so a gan ta gobe da safe.



"Ina kuka sami lambata?"

"Zan yi maka bayani in kun zo."

"A'a, malam. An ce mana an lalata sunaye. Takardar tana wurina, da sa hannu da hatimi. Wa ke magana? Faɗa min sunanka da ofishinka, ina rubutawa."

Dokta ya faɗa. Ya maimaita a hankali, ya ƙara da hawa na uku, ɗaki na biyu a dama. Yana jin motsin biro a ɗaya ɓangaren.

"Sunan da ke ƙasan takardar ke nan," mutumin ya ce.

"Shi ne. Ka kai ƙara duk inda ka ga dama, ba zan musa ba. Amma ka kawo ta ƙarfe takwas. Zan tsaya a bakin ƙofar asibiti da kaina."

Sista ta ɗago ta dube shi. Ƙarfe takwas ne zaman masu tantancewa.

Kukan yaron ya yi nisa, kamar mutumin ya fita daga ɗaki ya ja ƙofa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Me kuka gani a jinin?"

"Likita ne zai faɗa, ita za a fara gaya wa. Tana kusa?"

"Tana kwance," mutumin ya ce. "Yau kwana huɗu ba ta tashi ba."

Dokta ya miƙe, ya laluba aljihu yana neman makullin mota.

"To kada mu jira gobe. Kwatanta min gidan."