Lambar Tana Wayar Yaya

Motar filon ta daɗe tsaye a bakin siton kamfanin otal-otal kafin direba ya gaji ya kira uwar ɗakinsa.

"Anti, sun ce ba za mu shiga ba."

"Su wa?"

"Mai gadi. Wai sai na nuna masa lambar shiga."

"Ba shi wayar."

Mai gadin ya san ta shekara da shekaru, don haka sai da ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ni ke ɗaga ƙarfen nan ba yanzu. Lamba direba zai nuna a waya, in haska ta da na'ura, ƙofa ta buɗe da kanta. Ko ni na manta katina a gida, a waje zan wuni."

Mai Filo ake ce mata. Ƙaramar masana'anta ce da ita a bayan layin masu walda: ɗaki ɗaya na kekunan ɗinki, ɗaya na cusa auduga, sai ofis ɗin da bai fi kanti ba. Mahaifinsu ya kafa wurin, yayanta ya riƙe bayansa, har hawan jini ya zaunar da shi a gida ya koma kiwon kifi a tanki. Tun daga nan komai ya dawo wuyanta. Kamfanin otal-otal ɗin shi ne babban mai sayen kayanta, kuma a da cinikin ba wuya. Jami'ar saye ta kira, a gaisa, a faɗi adadi, mota ta tashi.

Ta kira jami'ar.

"Haba Anti, ai tun watan jiya muka sanar. Komai ya koma shafin masu kawo kaya. A can za ki amshi oda, a can za ki zaɓi ranar kawowa, shi zai ba ki lambar."

"Ba ke kika kira ni da bakinki kika ce in kawo filo ba?"

"Ni ce. Amma kiran nan zumunci ne kawai. In ba a shafin yake ba, kamar ba a yi ba. Wallahi ko ni ba ni da ikon taɓa komai a ciki."

Mai Filo ta ja kwamfuta, ta hure audugar da ta kwanta a kan maɓallan, ta buɗe shafin. Ta danna wurin sabuwar rajista, ta cike sunan masana'anta. Shafin ya ce wannan kamfani yana da rajista. Ta danna wurin waɗanda suka manta kalmar sirri. Shafin ya ce ya tura lamba zuwa wayar da aka yi rajista da ita, ya nuna mata wutsiyar lambar wayar. Ta kalle ta, ta dafe goshi. Wayar Yaya ce. Ashe lokacin da kamfanin ya fara gwada abin, shi ya yi rajistar, ya manta, kowa ma ya manta.

Ta kira Yaya, ya ɗauka da fara'a. "A'a, auta! Yau an tuna da mu? Ya yara? Ya mijin naki, ƙafar ta saki?"

"Lafiya lau, Yaya. Wani saƙo ya shigo wayarka yanzu, karanto min lambar da ke ciki. Da sauri, ba ta daɗewa take mutuwa."

"Bari in nemo tabarau."

Ta ji yana kiran matarsa, ta ji an ja kujera, ta ji ana gardama a kan wanda ya ajiye tabarau a kan firji. Kafin ya dawo lambar ta mutu. Ta sa aka turo wata. Wannan karon ya cire wayar daga kunne don ya duba saƙon, yatsansa ya kashe kiran. A karo na gaba ya karanto lamba tsaf, a nutse, yana maimaita kowace. Ta shigar. Shafin ya ce ba daidai ba ne. Ta farko ya karanto, wadda ta riga ta mutu. Daga nan shafin ya rufe asusun na ɗan lokaci saboda tsaro.

"Tsaron wa?" ta ce wa kwamfutar. "Wa zai saci odar filo?"

A ƙasan shafin akwai wani ɗan akwati mai hoton fuska tana murmushi, wai shi mataimaki. Ta rubuta masa cewa tana so ta canza lambar waya. Ya ce ya yi farin cikin taimaka mata, ta shiga asusunta ta je wurin saituna. Ta rubuta cewa ba ta iya shiga, shi ya sa take son canzawa. Ya ce ya fahimci damuwarta, ta danna wurin waɗanda suka manta kalmar sirri. Ta rubuta masa wata magana da ba ta taɓa faɗa a gaban 'ya'yanta ba. Ya tambaye ta ko amsarsa ta gamsar da ita.

Direba ya sake kira. "Anti, hadari ya haɗo fa, kuma kin san tampol ɗin nan yana yoyo ta baya."

"Nemi gidan mai ka fake a ƙarƙashin rumfa. Kar ka motsa sai na kira."

Ta cusa kwamfutar a jaka, ta ɗauki filo ɗaya don ta kare jakar daga yayyafi, ta tari tasi.

Matar Yaya ce ta buɗe ƙofa. "Ikon Allah! Ɓatan hanya kika yi?"

"Ina yake?"

Yana can bakin tanki a kan kujerar roba, yana watsa wa kifi abinci. Ya rame fiye da yadda ta san shi, amma ba ta tsaya a kan wannan ba. Ta gaishe shi a tsaye, ta miƙa hannu, ya ba ta wayar.

Da ta buɗe saƙonnin sai ta yi turus. Jerin saƙonni ne daga shafin, masu yawa, tun na bara. Kuma a ƙarƙashin kowanne akwai amsar Yaya. Shafin ya ce sabuwar oda ta shigo, Yaya ya rubuta, "Madalla, Allah ya ƙaro kasuwa." Shafin ya ce daga wata mai zuwa ba za a karɓi kaya ba sai da lambar shiga, Yaya ya rubuta, "To, an ji. A gaida ma'aikata." Bayan kowace amsa na'urar ta mayar masa cewa ba a karanta saƙonnin da aka turo wannan layi.

"Yaya! Ashe ka san da wannan dokar tun tuni? Me ya hana ka gaya min?"

"Na ce in kin zo zan gaya miki."

"Ba ka da waya?"

"Ke ba ki da ƙafa?"

Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife, ta buɗe kwamfutar a cinya. An buɗe asusun. Lamba ta shigo, ta shigar da ita da hannunta, shafin ya karɓe ta. Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Kafin ta zaɓi ranar kawowa sai ta ɗora hoton kayan, kuma dole bayan hoton ya zama fari. Ta shimfiɗa farin zanin gado na matar Yaya, ta ɗora filon da ta zo da shi, ta ɗauka. Shafin ya ce ba a ga kaya a hoton ba. Ta mayar da filon kan tabarma. Shafin ya ce bayan hoton ba fari ba ne.

"Farin filo ne! Ya za a yi a gan shi a kan fari?"

Sai da matar Yaya ta riƙe tocila daga gefe don inuwa ta fito, Yaya yana ba da umarnin a ɗaga nan a sauke can, sannan shafin ya yarda cewa filo ne. Ta danna wurin ranar kawowa. Gurbin yau ya cika. Na gobe ma. Babu wuri sai mako mai zuwa.

Ta kira direba ta ce ya juyo da motar. Ya fara ba ta labarin yadda mai gidan man yake harararsa, ta kashe.

"Saura abu ɗaya," ta ce. "Zan mayar da rajistar kan wayata. Za su turo maka lamba ta ƙarshe, shi ke nan ka huta."

Wayar da ta riga ta mayar masa ta yi ƙara a kan gwiwar Yaya. Ya ɗauka, ya kalle ta, ya zura a aljihun gaban riga ya dafe da hannu.

"Yaya, ba ni."

"Ba zan bayar ba."

"Wasa kake? Ka ga irin wahalar da na sha yau?"

"Na gani." Ya juya yana kallon tankin. "Tun da na bar wurin nan, wa ke gaya min abin da ake ciki? Ke in na kira sai ki ce lafiya lau, kina sauri. Wannan abin kuwa, duk odar da ta shigo sai ya faɗa min. In na ga an nemi da yawa, na san keke na juyawa, ranar har abinci nake ƙarawa. Yanzu shi ma za ki ɗauke?"

Matar Yaya ta tattara zaninta ta shige ciki. Mai Filo ta kalli ƙeyar yayanta, inda furfura ta cinye. Haushi bai bar ta ba, sai dai ya rasa inda zai sauka.

"To ya kake so in yi? Duk ranar da zan shiga shafin in taso in zo nan?"

"A'a. Ni zan zo can."

Haka aka yi. Mako na zagayowa direba ya biya ya ɗauko shi da safe, lamba ta fito, ƙarfen ƙofar sito ya ɗaga, filo ya shiga. An ajiye wa Yaya kujera a ofis don ya zauna da wayarsa. Bai zauna ba. Kafin rana ta take ya zagaye ɗakin ɗinki, ya ce zaren da suke saye yanzu ba shi da ƙwari, ya sa wani tela ya farke gefen filo ya sake, ya gaya wa mai cusa auduga cewa hannunsa ya yi nauyi. Babban tela ya shigo ofis ya rufe ƙofa, ya ce ko shi ko Yaya.

Mai Filo ta kira matar Yaya. "Don Allah ki zo ki ɗauki mijinki."

Matar ta yi dariya har da tari. "Wa? Ni? Yau ne karo na farko da na yi barcin rana tun da ya ajiye aiki. Ki riƙe shi zuwa yamma. Maganinsa yana aljihun hagu, a ba shi bayan ya ci abinci."