Ƙaiƙayin Tafin Ƙafa

Yaya ce ta kama ni a kicin ina goga tafin ƙafata a ƙafar tebur, sai ta saki ihu har cokali ya faɗi daga hannunta.

"Ƙanwata, ciki ne! Wallahi ciki ne! Ba haka kika yi ta susa ba lokacin cikin tagwaye?"

Kafin in buɗe baki ta kira Mama a waya. Kafin la'asar ƙannena sun fara faɗa a kan suna. Kowa sai tsalle, ban da ni. Haihuwar tagwayen nan da ƙyar na sha, sai da aka yi min aiki, likita kuma ta ja min kunne cewa wani cikin yanzu zai iya tafiya da ni. Shi ya sa nake shan ƙwayar tazarar haihuwa, ban taɓa tsallake rana ba. To ina wannan ƙaiƙayin ya fito?

Bayan 'yan kwanaki mijina, Baban tagwaye, ya kai ni asibiti, yana ta zolayata a hanya, wai wannan karon uku zai karɓa. Na ce ya bari ko in sauka. Aka ɗebi jinina, muka jira sakamako a benci ina susa da makullin mota.

Likita ta duba takardar, ta ɗago.

"Babu ciki."

"Likita, ƙara faɗa!"

"Babu ciki, baiwar Allah. Sinadarin ruwan matsarmama ne ya yi yawa a jininki. Hanta ce ke fitar da shi zuwa hanji, to a jikin wasu matan ƙwayar nan tana rage masa gudu, sai ya taru a jini ya sa ƙaiƙayi. Ciki ma haka yake yi musu, shi ya sa kika ji iri ɗaya. Ki daina shan wannan, yau za mu zaɓa miki wata hanyar, mu kuma sa ido kan hantar."

Jama'a, ban taɓa ganin wadda aka ce hantarta na kasala ta tashi tana rawa ba sai ni. Na rungume likita, na rungume nas, saura kaɗan in rungume mai shara. Na kira Yaya na ce ta kashe wutar murnarta, matsarmama na haifa, ta zo barka.

Ina ta ƙyaƙyata dariya har muka shiga mota. Baban tagwaye ya sa makulli, ya kasa murɗawa. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Lafiya, Baban tagwaye? Ina zolayar taka?"

"Tun ranar da Yaya ta yi ihun nan ban runtsa ba," ya ce. "Da na rufe ido sai in gan ni a ƙofar ɗakin tiyata, da jarirai biyu a hannu, ke kuma ba ki fito ba."